Dutsen Odweanoma na Ƙasar Kwahu: Labarin Ƙasa, Shaƙatawa da Kalmomin Bayaninsu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga mota a Kumasi zai tafi Akra, wato birnin da tsofaffin zango suke kira Ankara, idan ya yi tafiyar kilomita 100 da 'yan kai zai iso wani gari da ake kira Nkawkaw. Abin da yawancin matafiya suka sani game da garin nan shi ne burodi da tukwanen ƙasa da ake tallarsu a bakin hanya. Amma da matafiyi zai ɗaga kai ya dubi hannun hagu, da ya ga wani dogon bangon dutse, lulluɓe da kurmi, ya miƙe kamar ganuwar birni. Ƙololuwar da ta tsaya a kan garin, wadda ake hango ƙarafan sadarwa a bisanta, ita ce Odweanoma.

Wannan takarda za ta yi bayanin dutsen ta fuskar labarin ƙasa da kuma ta fuskar shaƙatawa. Abin da take son nunawa shi ne, kusan duk abin da mutane suka yi da wannan dutse, tun daga fakewa a kansa har zuwa tsalle daga bisansa da laima, siffarsa ce ta jawo shi. A cikin bayanin za a riƙa tsayawa a kan kalmomi, domin Hausa harshe ne da ya girma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, saboda haka ɗalibin da zai yi bayanin dutsen kurmi da ita sai ya yi hattara wajen zaɓen kalma.

Game da furuci, a lura cewa a harshen Tiwi na Tonawa da Kwahu, baƙaƙen "dw" kusan kamar "jw" ake faɗarsu. Ke nan sunan dutsen a baki ya fi kusa da Ojwiyanoma, shi ya sa ma Turawan mulkin mallaka suka rubuta shi Ejuanema a takardunsu. Haka kuma Kwahu ana faɗarsa Kwawu, Nkawkaw kuwa kusan Nkoko. A nan an bar sunayen yadda ɗalibi zai gan su a taswira.

2.0 Inda Dutsen Yake da Yadda Yake

Odweanoma ba dutse ne da ya tsaya shi kaɗai a fili ba. Wani ɓangare ne na doguwar tudun ƙasa da ake kira Tsaunin Kwahu, wanda ya taso daga wajen Koforidua a kudu maso gabas, ya miƙa har wajen Wenchi a arewa maso yamma, tsawon kimanin kilomita 260. Mutanen Kumasi sun san wani sashe nasa ko da ba su san sunansa ba, domin hawan nan mai kwana-kwana da mota take yi kafin ta shiga Mampong, shi ne dai wannan bango. Matsakaicin tsayin tsaunin bai wuce mita 460 ba, wurin da ya fi tsayi kuwa ya kai mita 788. Shi Odweanoma ya haura mita 700. Yana cikin Yankin Gabas na ƙasar Gana, kuma daga garin Atibie, kusa da Mpraeso, hanya take ballewa zuwa ƙololuwarsa.

A nan akwai wani abu da ke rikita ɗalibai. Idan aka ce dutse yana da tsayin mita kaza, masana labarin ƙasa suna nufin tsayinsa daga doron teku ne, ba daga gindinsa ba. Alal misali, ana ba Dutsen Dala na Kano tsayin mita 534, amma shi kansa birnin Kano yana zaune ne a kan kimanin mita 480. Ke nan abin da mai hawan Dala yake hawa 'yan mitoci hamsin ne da ɗoriya. Odweanoma kuwa, ko da yake a lissafin teku bai fi Dala da wani abin kirki ba, ya tashi ne daga ƙasa mai kwari, don haka tsakanin Nkawkaw da ƙololuwarsa akwai ɗaruruwan mitoci, kuma hawan a miƙe yake. Wannan tazara ita ce abin da ido yake gani, ita ce kuma abin da ƙafa take ji.

Idan aka gwada shi da duwatsun wasu ƙasashe, ba wani babba ba ne. Gana ba ta da dutsen da ya kai mita 1,000, alhali Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a Nijeriya ya kai mita 2,419, Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa mita 5,895. Muhimmancin Odweanoma ba a girma yake ba.

2.1 Dutse, Tsauni ko Tudu?

Kalmar "dutse" tana ɗaukar ma'ana mai faɗi ƙwarai. Abin da yaro ya jefi kare da shi dutse ne, abin da ake niƙa a kai dutse ne, Dala da Kufena da Kwatarkwashi ma duwatsu ne. Tiwi ba haka take ba, ta raba su: abin jifa "ɔboɔ", abin hawa kuwa "bepɔ". Ina ganin dalilin wannan faɗi na Hausa ba ɓoyayye ba ne. Duwatsun ƙasar Hausa, musamman na wajen Zariya da Gusau, galibinsu ƙatuwar dunƙulalliyar fa ce tsirara da ta fito daga cikin fili, wato dutsen jifa ne da ya yi girma. Wanda ya saba da irinsu, idan aka ce masa "dutse" ba zai kawo kurmi da gonakin koko da garuruwa a bisa ba.

"Tudu" kishiyar "kwari" ne, kuma ba ya bukatar tsayi mai yawa. Birnin Kumasi kansa tudu da kwari ne, kamar yadda duk mai tafiya a ƙafa daga Kejetia zuwa Aboabo ya sani. "Tsauni" ya fi dacewa da babban tudu mai faɗi wanda ake hawa a daɗe ana tafiya a kansa. Saboda haka a wannan takarda an kira dukkan ƙasar Kwahu "tsauni", an kira gefensa mai miƙewa "bangon dutse", sa'annan an bar wa Odweanoma kalmar "dutse". Akwai masu amfani da "filato" ga irin wannan shimfiɗaɗɗen tsauni, amma tun da kalmar ta zama sunan jiha a Nijeriya, mai sauraro Jos kawai zai tuna.

3.0 Asalin Bangon da Aikinsa ga Ruwa da Iska

Ƙasar da Kumasi take kai da wadda Kwahu take kai ba iri ɗaya ba ne. Ƙarƙashin Kumasi da Obuasi akwai tsofaffin duwatsun da masana ke kira na Birim, waɗanda shekarunsu suka haura miliyan 2,000, kuma a cikinsu zinariyar Ashanti take. A kan waɗannan, daga gabas da arewa, wasu duwatsu na daban suka kwanta, waɗanda asalinsu yashi ne da laka da ruwa ya tara hawa-hawa tun kimanin shekara miliyan 1,000 da suka wuce, har suka daskare. Shimfiɗar nan ta dutsen yashi ta yi kama da ƙaton faranti: tsakiyarsa ta lotsa, a nan kogin Bolta da rassansa suke gudu, bakinsa kuwa ya ɗaga. Bakin farantin na kudu shi ne Tsaunin Kwahu, na arewa kuma shi ne bangon dutsen Gambaga.

Wannan misali na faranti ya isa ya bayyana siffar wurin. Ta kudu, wato ta fuskar Nkawkaw, bakin ya yanke ne tsaye, domin ruwan sama ya daɗe yana cin ƙasan da ke gindinsa, dutsen yashi mai tauri da ke sama kuma yana karyewa yana faɗowa. Ta arewa kuwa gangaren ya fi sauƙi, yana sauka mataki-mataki zuwa filayen Afram.

Sakamakon farko shi ne tsaunin ya zama mararrabar ruwa. Ruwan da ya zuba a bayansa yana bin kogin Afram zuwa Bolta. Wanda ya zuba a gabansa kuwa yana bin Pra da rassanta zuwa teku kai tsaye. Ita Pra daga wajen Mpraeso ta taso, ta yi tafiyar kimanin kilomita 240 ta faɗa teku a Shama. Kogin Ofin kuma daga tsaunukan wajen Mampong ya fito, kuma a kansa aka gina madatsar Barekese wadda mafi yawan ruwan famfon Kumasi yake zuwa daga gare ta. Ashe ke nan mai alwala a Asawase ko Sabon Zango, da ruwan wannan tsauni yake yi, ko ya taɓa ganinsa ko bai taɓa ba.

Sakamako na biyu ya shafi iska. Iskar damina tana tasowa daga teku ne, ta kudu maso yamma, ɗauke da laima, wato danshi. (A riƙe wannan kalma, za a sake haɗuwa da ita da wata ma'ana.) Idan ta ci karo da bangon, ba ta da hanya sai sama. Iska kuwa in ta yi sama sanyi take yi, kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos ga kowace mita 1,000, in ta yi sanyi kuma danshin da ke cikinta ya zama gajimare, ya zubo. Shi ya sa fuskar kudu take da kurmi mai duhu, bayan tsaunin kuwa ruwansa ya ragu, har ya zama dajin ciyawa da itatuwa jefi-jefi irin wanda Bahaushe ya sani. Da wannan lissafi ne kuma za a gane sanyin garuruwan bisa. Abetifi yana kan mita 630 da 'yan kai, Kumasi kuwa kimanin 250. Bambancin bai kai digiri 3 ba, amma mai kwana a can da hunturu zai nemi bargo.

4.0 Iyakar Kurmi da Daji

Mutane sun daɗe a wannan tsauni. A kogon Bosumpra da ke kusa da Abetifi, wanda masanin kufai Thurstan Shaw ya tona a shekarar 1943, an sami kayan aikin dutse da gutsattsarin tukwane, kuma binciken da aka sake yi daga baya ya nuna mutane sun fara amfani da kogon fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Su Kwahu na yanzu suna yi wa ƙasarsu kirari da "Asase Aban", ma'ana ƙasar da ita kanta ganuwa ce. Abin da Kanawa da Zazzagawa suka gina da laka da gumi, su a tsaye suka tarar da shi.

Ga Bahaushe kuwa, wannan bango yana da wani tarihi na daban, ko da yake ta sashensa na Mampong ya fi saninsa. Goro ɗan kurmi ne, ba ya yi sai a kudancin tsaunin. Jaki da doki kuma 'yan daji ne, ba sa daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando. Don haka a ƙarni na 19 fataucin Gwanja a rabe yake gida biyu. Tonawa suna ɗauko goro a ka, su hau ta Mampong, su bi Ejura da Atebubu, su ƙetare kogi a Yeji, su kai Salaga. Ayarin Hausawa kuma ya tarye su a can da jakuna. Sarakunan Ashanti ma ba su cika barin baƙin fatake su wuce kasuwannin arewa ba. Sai bayan da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, Salaga ta ɓalle, yaƙin basasa ya watsa ta a 1892, Ingilishi suka zauna a Kumasi a 1896, sa'annan Hausawa da sauran mutanen arewa suka riƙa gangarowa da yawa, zango ya kafu ya bunƙasa. Kakannin mutanen zango da dama ta wannan gangare suka sauko.

Su ma mutanen Kwahu an san su da fatauci a duk faɗin Gana. Suna neman kuɗi a Akra da Kumasi, su koma bisa tsauni su gina manyan gidaje a garuruwa irin su Obo da Obomeng da Mpraeso, gidajen da yawancinsu a rufe suke sai lokacin biki ko jana'iza. Wannan ɗabi'a ta komawa gida sau ɗaya a shekara, a lokacin bikin Ista, ita ce tushen shaƙatawar da za a yi magana a kanta a sashe na 6.0.

5.0 Marmarar da ta Haifi Tafki

Kan Odweanoma shimfiɗe yake, ba tsini gare shi ba. A ƙasa mai zafi da yawan ruwa, idan shimfiɗaɗɗen dutse ya daɗe ruwa yana ratsa shi, sai ruwan ya wanke duk abin da ke narkewa, ya bar jar marmara. Wata marmarar ƙarfe ne ya yi mata yawa, wata kuma sinadarin alminiyom, ƙarfen nan mara nauyi da ake tukwane da kwanon rufi da shi. Ta biyun ita ake kira boksayit.

A shekarar 1914 Albert Kitson, shugaban hukumar binciken ma'adinai ta mulkin mallaka, ya gano boksayit a kan wannan dutse. Sai dai narkar da alminiyom aiki ne mai cin wutar lantarki ƙwarai. A 1915 Kitson ya ga matsatsin da kogin Bolta yake ratsawa a wajen Akosombo, ya kawo shawarar a datse shi a sami wutar. Shawarar ta kwanta shekara da shekaru, sai a zamanin Kwame Nkrumah aka fara ginin a 1961, aka gama a 1965. Ruwan da ya taru ya zama Tafkin Bolta mai faɗin murabba'in kilomita 8,500 ko kusa da haka, ya tashi mutum wajen 80,000 daga gidajensu, ya kuma cika ƙarshen kwarin Afram, har ya zamana mai zuwa filayen Afram daga Mpraeso sai ya shiga jirgin fito a Adawso. Abin mamaki, masana'antar alminiyom da aka gina a Tema ba da boksayit ɗin Gana ta yi aiki ba, daga waje aka riƙa kawo mata kayan narkawa. Amma dai wanda ya tsaya a bakin tsaunin na arewa yana kallon ruwan tafki, yana kallon abin da ya faro ne daga jar ƙasar kan Odweanoma.

Tsayin nan da shimfiɗar kai su ne kuma suka sa aka kafa ƙarafan rediyo da talabijin da na waya a can, domin saƙonsu ba ya son abin da zai tare shi.

6.0 Shawagi da Laima

Hawan dutse don nishaɗi ba baƙon abu ne ƙwarai ga Bahaushe ba. A Kano, ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da matasa sukan cika kan Dala. Amma a al'adance dutse wurin tsaro ne, ko wurin haƙar tama, ko mazaunin iskoki, kamar yadda labarin Barbushe da Tsumburbura ya nuna. A Kwahu ma akwai irin wannan, domin dutsen Buruku da ke kusa da Kwahu Tafo abin girmamawa ne ga masu addinin gargajiya. Abin da yake sabo shi ne mutum ya biya kuɗi don ya yi tsalle daga bisa.

Wasan ya samo asali ne daga ƙasar Faransa, inda a 1978 wasu masu dirowa daga jirgin sama suka gwada tashi da gudu daga gangaren dutse a ƙauyen Mieussy. A Gana kuwa an fara shi a matsayin biki a 2005, lokacin da Jake Obetsebi-Lamptey yake ministan yawon buɗe ido, aka haɗa shi da bikin Ista na Kwahu saboda a lokacin ne jama'a suke taruwa. Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Gana ce take shirya shi. Annobar korona ta hana yinsa a 2020 da 2021, aka dawo da shi a 2022.

Me za a kira abin da ake tashi da shi? Hausa ta riga ta ari "laima" ko "lema", wato abin kare rana da ruwa, ta ba wa abin da soja yake dirowa da shi daga jirgi, har ana cewa sojan laima. Ke nan "laima" ta sami ma'ana uku: danshi, da abin inuwa, da abin dira, in ba a ƙidaya tanti ba. Amma laimar Odweanoma ta bambanta da ta soja. Ta soja aikinta rage saurin faɗuwa. Wannan kuwa fiffike ce ta zane mai ruɓi biyu, an ɗinke ta aljihu-aljihu, bakin kowane aljihu a buɗe ta gaba. Idan iska ta shiga sai ta kumbura ta ɗauki siffar fiffiken tsuntsu, ta riƙa tafiya gaba kimanin mita 8 kafin ta sauka mita 1. Saboda haka "dira da laima" bai dace da ita ba. "Shawagi da laima" ya fi, domin shawagi shi ne abin da shirwa take yi.

Kuma lalle dabarar shirwa da ungulu ce. Tsuntsayen nan sukan daɗe a sama ba su kaɗa fiffike ba, saboda suna hawan iskar da ke tashi. Iri biyu ce a nan. Ta farko ita ce wadda aka ambata a sashe na 3.0, iskar kudu da bango yake tilasta mata yin sama. Ta biyu kuma, idan rana ta gasa rufin kwano da kwalta da filayen Nkawkaw, iskar da ke kansu takan yi zafi, ta yi sauƙi, ta tashi kamar hayaƙi, matuƙi ya shiga cikinta yana zagayawa yana ƙara sama. A haɗa wannan da shimfiɗaɗɗen kai da za a baza laima a yi gudu, da bakin da ya yanke tsaye, da hanyar mota har bisa, da filin wasan ƙwallo na Nkawkaw a ƙasa inda ake sauka, sai a ga dalilin da ya sa aka zaɓi wannan dutse ba wani da ya fi shi tsayi ba.

Baƙo ba ya tashi shi kaɗai. Ana ɗaure shi da ɗamara a gaban ƙwararren matuƙi, a sa masa hular kwano, su ruga tare har ƙafa ta rabu da ƙasa. Matuƙin yana riƙe da igiya biyu da ke jan gefen baya na laimar. In ya ja ta dama su karkata dama, in ya ja duka biyu gudu ya ragu. Akwai kuma wata ƙaramar laima a naɗe don ko ta-kwana. Galibin matuƙan daga ƙasashen waje ake gayyato su, kuɗin tashi kuma ba na aljihun ɗalibi ba ne. A ganina nan ne raunin abin yake: kwana uku ko huɗu a shekara dutsen yana cika maƙil, sauran kwanakin kuwa shiru. A ƙasashen Turai inda na yi karatu, ƙaramin tudu ma sai ka tarar an yi masa turba da alamomi da allon da ke gaya maka sunan abin da kake hange, mutane suna hawa kowane mako ba tare da biki ba. Ƙungiyoyin matasan zango da suke ɗaukar shatar mota bayan Salla su tafi tafkin Bosomtwe, da za su juya akala zuwa Atibie wata shekara, hawa da ƙafa da kallon ƙasar Nkawkaw daga bisa ba sa bukatar laima.

7.0 Wa ke da Dutsen, Wa ke Tsaronsa?

A Amurka kowace jiha tana da gandayen shaƙatawa nata ban da na tarayya. Alal misali, dutsen Mitchell na jihar Karolina ta Arewa, mai tsayin mita 2,037, jihar ce ta mai da shi gandu a 1915 don ta hana masu sarar katako ƙarasa shi. A Nijeriya ma Yankari a hannun jihar Bauchi yake. Gana ba tarayya ba ce. Yankunanta 16 ba su da irin wannan iko. Gandayen namun daji irin su Mole da Kakum da Digya, da kuma gandayen kurmi, duk suna ƙarƙashin Hukumar Gandun Daji ta ƙasa, wadda aka kafa a tsarinta na yanzu a 1999. Tun dokar gandun daji ta 1927 aka fara keɓe kurmin da ke kan gangare da bakin maɓuɓɓugan ruwa, kuma sashe mai yawa na bangon Kwahu yana cikin irin waɗannan gandaye. Sai dai ƙasar kanta ba ta fita daga mallakar kujerun sarauta ba. Gwamnati riƙo take yi. Ɗalibin da zai fassara irin wannan bayani kada ya ce "gandun jiha", ya ce "gandun gwamnati a ƙasar sarki".

Kurmin nan shi ne yake riƙe ƙasar gangare, shi ne kuma yake sa ruwan sama ya nutse a hankali ya fito a ƙorama da rani. Masu yankan katako ba bisa ƙa'ida ba da masu faɗaɗa gona suna cinsa ta gefe-gefe, gobarar daji kuma tana hawowa daga bayan tsauni da hunturu. Tsofaffi ba su manta da gobarar 1983 ba, wadda ta biyo bayan fari ta cinye gonakin koko da kurmi a sassa da yawa na ƙasar. Can ƙasa kuma masu haƙar zinariya ta hanyar galamse sun mai da ruwan Pra da Ofin kamar kunun kanwa.

Mai niyyar hawa ya kula da lokaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu hanya a bushe take, amma hazo yakan rufe hange. Maris da Afrilu sama takan washe, sai dai lokacin hadarin farko ne mai zuwa da iska ba sallama. A watan Maris na 2017 irin wannan iska ta kayar da itace a kan masu wanka a magangarar ruwa ta Kintampo, kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makaranta. In hadari ya haɗo, ba a fakewa a gindin dogon itace ko kusa da ƙarafan sadarwa.

8.0 Jikin Dutse da Aikatau na Hawa da Sauka

Hausa tana ba wa dutse jiki irin na mutum. Yana da kai, yana da gindi, yana da baya, yana da ciki, yana da baki. A dubi waɗannan misalai:

(1) Nkawkaw tana gindin dutse, Atibie kuwa tana bisa tsauni.
(2) An baza laima a kan dutse, matuƙi ya ruga zuwa bakin dutse.
(3) Filayen Afram suna bayan dutse.

Misali na (3) yana da tarko. Dutse ba shi da fuska ta kansa, don haka "baya" a nan ya dogara ne ga inda mai magana yake tsaye. Ga mutumin Nkawkaw, Afram ce bayan dutse. Ga manomin doya na Afram kuwa, Nkawkaw ce.

Haka abin yake ga aikatau. A tsarin rukunan aikatau na F. W. Parsons, rukuni na 6 shi ne mai ƙarewa da dogon wasalin "o", kuma yana nuna aikin ya nufo wajen mai magana. Ɗalibai sukan haddace wannan ƙa'ida, amma a kan dutse ne ake ganin amfaninta sosai, domin kowane motsi ko sama ne ko ƙasa, kuma mai magana ko yana bisa ko yana gindi:

(4) Mota ta hau tsauni. / Mota ta hawo tsauni.
(5) Fatake sun gangara kurmi. / Fatake sun gangaro kurmi.
(6) Matuƙi ya sauka a filin ƙwallo. / Matuƙi ya sauko filin ƙwallo.

Mai cewa "ta hau" a ƙasa yake yana kallon bayan motar, mai cewa "ta hawo" kuwa yana bisa yana jiranta. A misali na (5), jimlar farko ta mai ba da labari ce daga Salaga ko Kano, ta biyu kuwa ta ɗan zangon Kumasi ce. Shi ya sa a sashe na 4.0 aka rubuta cewa Hausawa sun riƙa "gangarowa", kakanni kuma sun "sauko": an rubuta takardar ce daga kudancin bangon. A sashe na 7.0 kuma an ce gobara tana "hawowa", wato an ɗora mai karatu a bisa tsauni. Ɗalibi ya koma ya karanta sashe na 4.0, ya sake rubuta shi kamar yana zaune a Salaga, ya ga aikatau nawa ne za su canza.